Kunnen Malama

Sai da yarinyar da ke zaune kusa da taga ta kira ta har ta gaji, ta taso ta ja mata gefen mayafi, sannan Malama ta waiwaya.

"Malama, tun ɗazu nake cewa na gama."

"Ban ji ba. Kawo in gani."

Ta karɓi littafin tana dubawa, amma ba ta gane komai a ciki ba. Tun jiya da yamma kunnenta na hagu yake wani irin kuka, kamar an kunna injin niƙa a can cikin kanta. Ta cusa auduga, ta ja ɗankwali ta rufe. Ajin nan na 'yan aji uku, wanda kullum hayaniyarsa ke sa ta ciwon kai, yau rabinsa ya yi tsit. Duk wanda ke zaune ta hagunta sai dai ta ga bakinsa yana motsi.

Ba wani abu ba ne ya faru, haka take ta faɗa wa kanta. An yi taron malamai bayan tashi, ta koma gida a makare, ta tarar da mijinta tsaye a bakin ƙofa, ya manto makullinsa a shago. Suka shiga ɗaki. Ta sauke ƙaramar 'yarta Auta daga baya, ta juyo za ta ba shi haƙuri, sai ta ga ɗakin ya yi walƙiya. Mari ɗaya ne. Daga baya shi da kansa ya jiƙa tsumma ya ɗora mata, yana cewa, "Kin ga abin da kike sa ni yi? Ni mutum ne mai son zaman lafiya, ke kuma kin san zuciyata."

Injiniya ake ce masa a unguwa. Gyaran janareta da firij da injin jan ruwa yake yi, kuma hannunsa na da kyau. Ga fara'a, ga kyauta. In fankar wata tsohuwa ta mutu, zai je ya gyara ya ƙi karɓar komai. Matan gidan hayar da suke zaune sukan ce da Malama, "Ke dai kin yi dace da miji." Takan yi murmushi ta ce Allah Ya bar zumunci.

Da kunnen ya fara zubar da ruwa, ta nemi izini ta je asibiti. Likita ya haska, ya ce dodon kunnen ya fashe.

"Me ya same ki?"

"Ƙofar kabad na buga."

Ya rubuta magani bai ɗago kai ba. Nas ɗin da ta wanke mata kunnen, wata dattijuwa mai tabarau, ta jira ya fita, sannan ta ce, "Ƙanwata, na tsufa a wannan aikin, ban taɓa ganin ƙofar kabad mai yatsu ba. Ga shatinsu nan a kumatunki."

Malama ta sunkuyar da kai. "Ba kullum ba ne, Anti. Zuciya ce ke ɗibarsa."

"Duk haka kuke cewa. Wasu nakan sake ganinsu a tsaye, wasu a kwance ake kawo min su. Abin nan ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi."

Malama ta fito tana jin haushin matar. Ina ruwanta? Ta san shi ne? Matan da ake duka ai daban suke, matan mashaya ne da 'yan iska. Ita mijinta ko sigari ba ya sha.

Kunnen bai warke ba aka sake wani dukan. Wannan karon don ta tsaya a hanya uban wata ɗalibarta ya tambaye ta sakamakon jarrabawa. Bayan sa kuma don an ga gishiri ya yi yawa. Bayan sa kuma ba ta ma san dalili ba. Ta koyi gane sawunsa tun daga bakin get: in ya turo ƙofa da hannu, za a kwana lafiya, in da ƙafa ya turo, sai ta yi maza ta tura Gimbiya, 'yarsu ta fari mai shekara bakwai, ɗakin matar mai gida da Auta a hannu. Matar mai gida takan karɓe su, ta ƙara wa rediyo murya. Da safe su haɗu a bakin famfo ta ce, "Malama an tashi lafiya?" idonta a kan bokiti.

Ranar da ya tsinka mata leɓe, ta je gidan surukarta. Hajiya ta saurare ta tana yankan farce, ta ce, "Yo ke me kika yi masa?"

"Wallahi Hajiya ban yi komai ba."

"Ba a yin komai namiji ya ɗaga hannu? Yaron nan ni na haife shi, tun yana ƙarami zuciya gare shi, amma ba mugu ba ne. Ubansa ya fi shi zafi. Kin ga wannan haƙorin? Ba nawa ba ne, sa min aka yi. Ga ni nan ban mutu ba, na ga jikokina. Ku matan da kuka yi boko, bakinku ne ke ja muku. In ya yi magana ki yi shiru, shi ke nan."

"Ko na yi shiru cewa yake na raina shi."

"To ki nemi yadda za ki yi shirun da ba na raini ba."

Daga nan ta wuce gidansu. Mahaifinta ya rasu, gidan yana hannun Yaya, babban wanta, mahaifiyarta Inna tana ɗaki ɗaya a can baya. Inna ta ga leɓen ta fashe da kuka, ta dafa ruwan zafi ta gasa mata, amma da Yaya ya shigo sai ta haɗiye kukan. Yaya ya zauna a hannun kujera yana kaɗa makullin mota.

"Yanzu so kike ki dawo nan da yara biyu? A ina zan sa ku? Ke ba yarinya ba ce, kin san halin da ake ciki. Kuma mutumin nan bai taɓa yi mana komai ba sai alheri. Ranar da Inna ta faɗi, wa ya ɗauke ta zuwa asibiti? Ina gari ma?"

"Yaya, kunnena ya mutu."

"Za a yi masa magana."

Aka yi masa magana. Injiniya ya zo da yamma da ledar lemo, ya durƙusa gaban Inna har hawaye, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya rantse ba zai ƙara ba. Kafin ya tafi ya lura fankar falo tana ƙara, ya hau kujera ya gyara. Yaya ya rako su har bakin titi, ya ja ƙanwarsa gefe ya ce, "Kin gani ko? Mutum har da kuka. Ki rufa wa kanki asiri."

Sati biyu aka yi na daɗi. Ya sayo mata atamfa, ya riƙa zuwa makaranta da babur yana ɗaukar su. Injin ruwan makarantar da ya daɗe a mace ya tayar da shi kyauta, Shugabar makaranta ta tara malamai ta ce, "Ku yi koyi da gidan Malamar aji uku." A hankali ya karɓe wayarta, wai maza na damunta da kira. Ya hana ta zuwa gidansu, wai can ake zuga ta. Ya hana ta zama da Malamar Lissafi, ƙawarta ɗaya tilo a makarantar, wai bazawara ce, za ta koya mata fitar aure.

Wata Asabar da hantsi, tana wanki a tsakar ɗaki, ya shigo yana neman wata 'yar sukurdireba da ya ce a kan tebur ya ajiye. Ba ta gan ta ba. Ya mayar da ƙofa ya sa sakata, ya zaro kebur daga jakar aikinsa, ya ninka biyu. Tana durƙushe ta rufe kanta da hannuwa, yana zuba mata a baya, yana huci kamar wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara.

Ya tsaya, ya duba, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe! Wallahi yanzu nake zancenka a raina. A'a, ba komai, ina gida ne ina ɗan hutawa da iyali." Ya yi dariya, irin dariyar nan tasa da ke sa kowa ya so shi. "Janaretar ce kuma? Kar ka damu, bayan azahar ina nan tafe. A gaida Hajiya."

Ya kashe wayar, ya ajiye ta a hankali a kan gado inda ba za ta faɗi ba, ya sake ɗaukar kebur ɗin.

A nan, fuskarta a jikin siminti, Malama ta gane abin da ta ƙi ganewa shekara da shekaru. Ba zuciya ba ce. Mai zuciya ba ya tsayawa ya gaisa da mutane. Masu kawo masa gyara suna zaginsa a shago, yana ba su haƙuri. Bai taɓa fasa talabijin ɗinsa ba, bai taɓa jifa da wayarsa ba. Tun da Inna ta ga leɓen nan bai sake taɓa fuskarta ba, sai inda riga ke rufewa. Yana sane da duk abin da yake yi. Ya zaɓa ne, kuma ita ya zaɓa.

Ranar Litinin, maimakon aji, ta wuce ofishin 'yan sanda. Ta tsaya gaban kanta ta faɗi abin da ya kawo ta. Wanda ke bakin aiki ya dube ta sama da ƙasa.

"Mijinki na aure?"

"E."

"To ai wannan maganar cikin gida ce, Madam. Ba ku da manya?"

Ta ce a kira mace ta duba bayanta. Aka kira wata, ta duba, ta ja tsaki ta ce, "Kai, maza!" Sannan aka kira Injiniya a waya. Ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya gaisa da kowa hannu bibbiyu. Ashe shi ke gyara musu janareta. Ya yi ƙasa da murya ya ce tun da kunnen nan ya samu matsala kanta ba daidai yake ba, yana iya ƙoƙarinsa. Babban cikin 'yan sandan ya sa su gaba ya yi musu nasiha, ya ce wa Injiniya ya riƙa sassautawa, ya ce wa Malama mace ta gari ba ta kai uban 'ya'yanta gaban hukuma. Aka ce su gaisa. A kan babur, suna hanyar gida, ya juyo ta ɓangaren kunnenta mai ji ya ce, "Yau kin kai ni ƙarshe."

Kwana da kwanaki ba ta iya tashi ba. Ya aika makaranta cewa zazzaɓi ne. Da ta koma, tana jan ƙafa, Shugaba ta kira ta ofis ta rufe ƙofa.

"Malama, iyaye suna ƙorafi. Yara na magana ba kya ji, ga yawan fashi. Ni ba na shiga sha'anin gidan kowa. Maigidanki ma ya ce yana ganin ki ɗan huta. Ki je ki kula da lafiyarki, in an samu sauƙi sai mu gani."

"Ranki ya daɗe, kin san abin da ke damuna."

Shugaba ta shiga gyara takardun da ke gabanta. "Ni ban san komai ba."

Tana tattara 'yan kayanta a aji Malamar Lissafi ta shigo, ta tura ƙofa da baya.

"Ki saurare ni, ba ni da lokaci. Ina da gwaggo a wani gari, tafiyar yini ce a mota. Ita kaɗai take zaune, tana da ɗaki, kuma ba ta tsoron uban kowa. Na yi mata bayaninki. Duk ranar da kika shirya, ki zo gidana da safe bayan ya fita, ni zan sa ki a mota. Kar ki haɗa kaya, zai gane. Kar ki faɗa wa Inna, za ta yi kuka gaban Yayanku."

"Yaran fa?"

"Ki taho da su. Amma ki taho, don Allah. Ni na san irin kallon nan da ke idonki, na taɓa ganinsa a madubi."

Malama ba ta tafi ba a watan nan, ba ta tafi a na bayansa ba. Kullum sai ta ce gobe. Yanzu da ba ta da aiki, in zai fita sai ya kulle ta ta waje, sai ranar da ya ga dama ya bari a buɗe. Ta rame har zobenta ya daina zama. Gimbiya ta daina surutu, ta koma fitsarin kwance. Abin da ya tayar da ita shi ne ranar da ya shaƙe ta a jikin bango har ta ga duhu, ta farfaɗo ta tarar da Auta zaune a kan cikinta tana bubbuga mata fuska, shi kuma yana cin abinci.

Washegari ya tafi wani aiki a bayan gari, ya ajiye Gimbiya a makaranta, bai kulle ƙofa ba. Malama ta goya Auta, ta ɗauki bokiti kamar mai zuwa famfo, ta ajiye shi a bakin get ta miƙe gidan Malamar Lissafi. Ranar Malamar Lissafi ba ta da darasi da safe. Ta rufa mata wani mayafi, suka nufi makaranta tare don ɗauko Gimbiya.

Maigadin makarantar tsoho ne da ya san Malama tun tana sabuwar ɗauka. Sau nawa tana rage masa abincinta. Da ya gan ta ya miƙe, amma bai buɗe get ba.

"Baba, Gimbiya na zo ɗauka, za mu asibiti."

"Malama, ki yi haƙuri. Injiniya ya ce ko ke ce kar a ba ki ita. Shugaba ma ta jaddada min."

"Baba, 'yata ce fa. Ni na haife ta."

"Na sani, 'yata. Amma in na buɗe, aikina ya tafi. Ina da iyali."

Malamar Lissafi ta ce ita za ta shiga ta fito da yarinyar. Ta shiga, sai ga ta sun fito tare da Shugaba, ana ta ɗaga murya. Lokacin hutun ƙarfe tara ne, yara sun cika fili. Gimbiya ta hango uwarta, ta sheƙo da gudu ta kama ƙarfen get da hannu biyu.

"Umma! Kin dawo aiki?"

Malama ta zura hannu ta tsakanin ƙarafan ta riƙe fuskar yarinyar. Ta bayan Gimbiya tana ganin Shugaba da waya a kunne, tana kallonta tana magana. Ba sai an faɗa mata wanda ake kira ba.

Malamar Lissafi ta fito ta kama hannunta. "Yana hanya. In ya same ki a nan, ba za ki sake fita da ƙafarki ba. Ki zo mu tafi. In kina raye za ki iya neman ta."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Taho."

"Gimbiya, ki jira ni, kin ji? Zan dawo in ɗauke ki."

"Yaushe?"

Sai da aka ɓamɓare yatsun Malama daga ƙarfen. Har suka sha kwana tana jin muryar yarinyar tana kiran Umma.

Gwaggo ta karɓe ta ba tambaya. Ta ba ta ɗaki, ta samo mata yaran maƙwabta tana yi musu darasin yamma. Ta raka ta wajen wata lauya mai taimakon mata, aka shigar da ƙara a kan Gimbiya. Aka sa rana, aka ɗage. Aka sake sawa, Injiniya ya aiko cewa ba shi da lafiya. Da aka nemi shaidu, matar mai gida ta ce ita ba ta taɓa jin komai ba. Likita ya ce abin da ke rubuce a wurinsa ƙofar kabad ce. 'Yan sanda suka ce sun sasanta su tun tuni. Yaya ya aiko mata cewa ta zubar musu da mutunci, kar ta sake ta taka gidansa. Hajiya kuwa tana bin gidaje tana cewa, "Wace irin uwa ce za ta gudu ta bar 'yarta a bakin get tana kuka?"

Tambayar da unguwa ta riƙe ke nan. An yi ta a bakin famfo, an yi ta a ɗakin malamai, an yi ta a shagon Injiniya, inda masu kawo gyara ke ba shi haƙuri suna cewa Allah Ya musanya masa da ta gari. Duk waɗanda suka ji kukanta ta bango, da waɗanda suka ga bayanta, da waɗanda suka mayar da ita da hannunsu, babu wanda ya tambayi abin da ya kore ta. Sun riga sun sani, shi ya sa.

Bayan wata uku, Malamar Lissafi ta samu ta ja Gimbiya bayan aji lokacin tara, ta kira wayar Gwaggo ta miƙa mata.

"Gimbiya? Ni ce, Umma. Kina lafiya? Kina cin abinci?"

"Ina ci." Muryar can ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta. "Auta fa?"

"Tana nan, tana ta kiran sunanki. Wa ke yi miki kitso?"

"Ba kowa. Hajiya ta zo ta ɗan zauna da mu, ta koma gidanta. Ni nake shara yanzu, da wanke-wanke. Na iya kunna risho ma."

Malama ta dafe bango. "Babanki... yana yi miki faɗa?"

Yarinyar ta ce, "Umma, kar ki damu. Ba na yin laifi sosai."

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji.